Kunne da Allon Asabar

A shekarar da aka kafa turakun lantarki a layinsu ne Mai Rediyo ya fara ganin mutumin da daga baya kowa ya riƙa kira Kunne. Ranar Asabar ce, ƙarfe huɗu saura minti biyar na yamma. Bai manta lokacin ba, domin a daidai wannan lokaci yakan fito da babbar rediyonsa mai akwatin katako, ya ɗora ta kan tebur a bakin shago, ya jingina baƙin allo da bango, ya ɗauko sabon alli.

A zamanin nan gidan rediyo yana da wani shiri kowace Asabar, ana ce masa Goman Mako. Masu sauraro su aika katuna su zaɓi waƙar da suke so, ma'aikata su ƙirga, mai gabatarwa ya karanto goman da suka fi samun kati, daga ta goma har zuwa ta ɗaya. Kafin kowace lamba sai an kaɗa ganga. Mai Rediyo ya yi makarantar mishan har aji shida, rubutunsa kuwa a tsaye yake cak kamar sojoji a fareti. Da an ambaci waƙa sai ya rubuta ta a gurbinta. Allon yakan yi kwana bakwai a bakin shago, masu wucewa su tsaya su karanta, su yi ta musu. Duk wanda rediyonsa ta lalace a unguwar, wurin mai allon nan yake kai ta.

Benci biyu ne a ƙofar shagon, kowa ya san wurinsa. Tela a gefen dama, Direba a tsakiya saboda ya fi kowa baki, Mai Magani kuwa a can ƙarshe, yana cewa shi inuwa ya zo sha, waƙa ɓata lokaci ce.

Ranar nan sai ga wani baƙo, mutum ɗan shekara talatin, da ƙullin tufafi a kai, ya tsaya nesa kaɗan kamar mai jiran mota. Mai guga ne, bai daɗe da kama ɗaki a bayan layin ba.

"Bawan Allah, sauke kayan mana," in ji Mai Rediyo. "Ba a jin waƙa da kaya a kai. Direba, matsa."

Baƙon ya zauna a bakin benci, rabin jikinsa a waje. Ya yi ta sauraro har aka zo lamba ta uku. Sannan ya ce ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kansa, "Tagar Bene ta sauko ta biyu. Takalmi Ɗaya ta hau."

Direba ya tuntsire da dariya. "Kai baƙo, daga zuwanka? Takalmi Ɗaya ai ta ƙananan yara ce. In ta hau, na haɗiye makullin motata."

Aka kaɗa ganga, aka ce Tagar Bene ce ta biyu. Aka sake kaɗawa, aka ce Takalmi Ɗaya. Tela ya miƙa wa Direba kofin ruwa, ya ce ga abin kora makulli.

Da dai sau ɗaya ne, da an ce dace ne. To, haka aka yi Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Kafin wata uku sunansa na yanka ya ɓace, ya zama Kunne. Ba shi da rediyo a ɗakinsa, bai taɓa aika kati ba. Da Mai Rediyo ya matsa masa da tambaya, sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, ni gidaje arba'in nake shiga karɓar kaya. Ba abin da rediyo ke faɗa nake saurara ba. Abin da ke fita daga bakin mutum lokacin da hannunsa ke aiki, bai ma san yana rerawa ba, shi nake ji. Mai shara, mai wanki, mai goyo. Waƙar da ake yi da ƙarfi a titi ta kusa faɗuwa. Wadda ake yi ƙasa-ƙasa a bayan gida, ita ce mai hawa. In kuwa ta shiga bakin wanda ya ce ba ya son ta, to, an gama."

Mai Rediyo ya daɗe yana juya maganar nan a ransa. Shi da ya yi shekaru yana buɗe cikin rediyo da dalma da mita, bai taɓa ganin na'urar da ta kai kunnen mutumin nan kama tasha ba.

Wata Asabar bayan an watse, ya tarar da Kunne tsaye gaban allo, yana kallonsa kamar mai kallon kogin da ba shi da gada.

"Yaya, a cikin waɗannan wacce ce Tagar Bene?"

Sai a lokacin Mai Rediyo ya gane. Mutumin da ya san goman tun kafin a faɗa, bai iya karanta ko ɗaya daga ciki ba. Ya ɗora yatsa a kan layi na huɗu, ya ce, "Ga ta. Wannan mai kama da turken lantarki, shi ne T." Tun daga ranar, kowace Asabar daga ƙarfe biyar zuwa shida, allon ya zama makaranta. Ba su da littafi, sunayen waƙoƙi ne littafinsu. Hannun da ya saba da nauyin dutsen guga ya karya alli ya fi a ƙirga. Shekara ɗaya da wata huɗu suka yi a haka, har ranar da Kunne ya rubuta goman da kansa, cikin rubutu mai kama da na malaminsa sak. Daga ranar ya daina ce masa Yaya, ya koma Malam.

"Malam, da me zan saka maka?"

"Ka dai rage sitati a wuyan rigata, yana yanka ni."

Daga nan aka ƙirƙiro al'adar gwangwani. Kowace Juma'a Kunne ya rubuta gomansa, ya naɗe, a jefa cikin gwangwanin madara, Tela ya kai gida ya kulle. Bayan shiri a buɗe a gwada da allo. Mutane suka riƙa zuwa daga wasu unguwanni don su ga buɗe gwangwanin nan. Shekara goma sha huɗu ana yi. Wani lokaci Kunne yakan musanya ta shida da ta bakwai, amma ta ɗaya, sau uku kacal ta kuɓuce masa.

Sai Mai Rediyo ya kwanta zazzaɓi mai zafi, kwana goma sha tara. Da ya tashi, duniya ta yi masa nisa. Yana jin ƙara, amma ba ya rarrabe magana, kamar mai sauraro daga ƙarƙashin ruwa. In mutum yana gabansa, yakan karanta leɓɓansa ya gane. Gyara ma bai gagare shi ba: allurar mita tana gaya masa gaskiya, yatsunsa a kan lasifika suna gaya masa sauran. Amma rediyo ba ta da leɓɓa. Ya kuma san layinsu sarai. Ranar da aka ji cewa mai gyaran rediyo ba ya ji, ranar ce ta ƙarshe da wani zai kawo masa aiki. Ga autarsa saura shekara biyu ta gama makarantar horar da malamai, shagon nan ne kuma ke riƙe da ita. Ban da matarsa, bai gaya wa kowa ba.

Asabar ta farko ya sha wuya. Ya ce alli ya karye. Ya ce wata babbar mota ta wuce da ƙara, "Tela, me ya ce?" Sau huɗu yana tambaya. Direba ya ce zazzaɓi bai gama sakinsa ba. Kunne dai yana kallon ƙasa.

Asabar ta biyu da safe Kunne ya kawo farar rigar da Mai Rediyo kan sa ranar shiri, a goge, a ninke, ya ajiye ya tafi. Da Mai Rediyo ya sa ta, sai ya ji wani abu a aljihun ƙirji. 'Yar takarda ce. Waƙoƙi goma, daga ta goma zuwa ta ɗaya. A ƙasa an rubuta layi biyu: "Ka dubi yatsuna a kan gwiwa. In na cire hula, ka musanya da ta gaba."

Da yamma Kunne ya bar wurinsa na kullum ya zauna daura da allo. Duk lokacin da aka ambaci lamba, sai ya lanƙwasa yatsa ɗaya. Mai Rediyo, wanda ya riga ya haddace takardar, ya juya ya rubuta. Babu wanda ya lura da komai.

Amma an lura da wani abu dabam. Gwangwani ya zo babu komai a ciki. Kunne ya ce kunnensa ya gaji, ya daina. Mai Rediyo ya gane dalili nan take: in wata rana allo ya yi kuskure, aka buɗe gwangwani aka ga kuskure iri ɗaya, asiri ya tonu. 'Yan wasu unguwanni suka daina zuwa. Direba ya sami abin yi.

"Kunne ya tsufa, jama'a! Daga yau sai mu riƙa ce masa Ƙeya."

"Na gode, Direba," in ji Kunne. "Makullin nan dai har yau muna jira."

Mai Rediyo yana karanta wannan ba'a a leɓɓansu mako bayan mako, yana jin ta kamar ana ɗora masa dutsen guga a ƙirji. Mutumin da ake yi wa dariya cewa baiwarsa ta ƙare, a lokacin ne baiwar ta fi kaifi. Cikin shekara biyu, sau bakwai kawai hula ta bar kansa.

Akwai Asabar ɗaya da Mai Rediyo bai taɓa mantawa ba. Matar Kunne ce ta kawo rigar, ta ce mahaifiyar mijinta ba lafiya, ya tafi dubo ta, sai Litinin. Babu yatsu, babu hula. Mai Rediyo ya buɗe takarda. Jirgin Safe, wadda ta yi mako bakwai a sama, kowa kuma ya tabbata za ta yi na takwas, an sa ta ta biyu. A ta ɗaya an rubuta Laimar Aro, wata 'yar waƙa mai sanyi da makon jiya take ta tara.

Ya yi tunanin rufe shago ya ce ba shi da lafiya. Ya yi tunanin gyara takardar da hankalinsa. Ƙarfe huɗu dai ta same shi tsaye, tafin hannunsa na hagu a kan akwatin rediyo kamar mai jingina, yana jin kaɗawar ganga tana ratsa katako. Ganga ta tsaya, ya ƙirga biyar a zuci, ya rubuta. Ta goma. Ta tara. Har ta uku babu wanda ya ɗaga gira.

Aka kaɗa gangar ta biyu. Ya ɗaga alli. Ya tuna mutumin da ya zauna a bakin benci rabin jikinsa a waje, shekara goma sha shida da suka wuce. Ya juya ya rubuta Jirgin Safe.

Bayansa wuri ya kaure. Ya ji hayaniyar a ƙafafunsa kafin ya ji ta a kunne, bai kuma san ko shi ake yi wa ihu ba. Ya juyo a hankali. Babu mai kallonsa. Direba ya tashi tsaye yana nuna rediyo da yatsa yana rantsuwa an yi maguɗi, Tela yana riƙe da cikinsa don dariya. Da gangar ƙarshe ta tsaya, Mai Rediyo ya rubuta Laimar Aro da rubutu mafi kyau da ya taɓa yi.

Ran Litinin ya je har ɗakin guga. Ya tarar da Kunne yana fifita gawayi.

"Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi, Malam."

"Laimar Aro. Ta yaya?"

Kunne ya ajiye mafici, ya juyo da fuskarsa sosai wajen haske, kamar yadda ya saba yi masa tun bayan zazzaɓin. "Ran Laraba na kai wa Mai Magani kayansa. Yana zuba ƙwayoyi a kwalba yana rera ta. Har da amshi."

Auta ta gama makaranta, ta kama aikin koyarwa. Mai Rediyo ya yanke shawarar barin shago. Takardun aljihu suna cikin akwatinsa, ɗari da huɗu, bai yar da ko ɗaya ba. Ana gobe Asabar ɗinsa ta ƙarshe ya kwaso su, ya kai ɗakin guga, ya zube kan tebur.

"Gobe zan karanta wa benci waɗannan. Zan gaya musu wanda suka yi shekara biyu suna kira Ƙeya."

Kunne ya tattara takardun, ya daidaita gefensu, ya mayar masa a hannu.

"Malam, bar su a akwati. In ka faɗa, za a ce shekara biyu kurma ke gyara musu rediyo, kowa ya tuno tasa da ta yi tari sau ɗaya. Ka shiga da mutuncinka, ka fita da shi."

"To kai fa, ƙanena? Sunanka fa?"

"Suna ai yana nan, ba ya ruɓewa." Ya ɗauki dutsen guga, ya kusanto da shi kuncinsa ya ji zafinsa. "Kowane harafi da ke cikin takardun nan naka ne. Aro ka ba ni a bakin allo, na riƙa mayar maka kaɗan-kaɗan."

Ya shimfiɗa farar rigar gobe a kan tebur, ya fara da wuya. Sitatin kaɗan ne.