Shekarar da Muka Yi wa Gero Ban-ruwa

Ranar wata Laraba ce, a ƙarshen bazarar shekarar da nake aji biyar na firamare. Muna cikin aji zafi ya ishi kowa, har malamin lissafi ya ajiye alli ya koma fifita da kwali, sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Iska ta shiga buga tagogi, ledoji suka tashi sama kamar shirwa, kafin a ce me ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ba wanda ya jira ƙararrawa. Muka fito da takalma a hannu, muna tsalle cikin taɓo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mana hanci. Da na isa gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi na tarar Umma ta jera bokitai da bahuna a ƙarƙashin indararo, ƙanina Sabi'u yana wanka a tsakar gida, kakarmu kuwa tana tsaye a bakin ɗakinta tana kallon sama.

Inna muke kiranta. Mahaifiyar Baba ce, daga ƙauye ya ɗauko ta bayan rasuwar kakanmu, kuma tun da ta zo birni ba ta yarda ta zauna haka kawai ba. Baba direban babbar mota ne mai kai kaya kudu, idan ya tafi sai ya yi watanni. Yana da 'yar gona a wajen Ƙauyen Alu, a lokacin da tsakanin gidajen Tarauni akwai gonaki da kududdufai da itatuwan gawo, kuma Inna ce mai kula da ita. Geron gonar nan shi ne tuwonmu da kununmu na kusan rabin shekara. A waccan shekarar motar Baba ta lalace a can kudu, sai dai saƙo a bakin abokan aikinsa cewa yana nan lafiya, a yi haƙuri. Buhun hatsinmu ya kusa kai ƙasa. Irin shukar ma da Inna ta rataye a madafa don hayaƙi ya kare shi, ƙwari sun ci fiye da rabi.

Ni kuma a gidan nan ina da dukiyata, wata tunkiya uda, gabanta baƙi bayanta fari, wadda Inna ta ba ni a shekarar da na fara azumi. Bazarar nan ta gasa mata aya a hannu. Harawa ta ƙare tun da wuri, dusa sai an yi sa'a, ga ta da ciki, ga haƙarƙarinta duk a waje. Kullum bayan makarantar allo nakan ɗauki tsohon buhu in bi gindin gawo ina tsintar 'ya'yansa, in zaga maƙwabta in karɓo ƙasari da ɓawon wake. Idan na yi sakaci kaɗan sai in same ta tana tauna kwali ko leda.

Washegarin ruwan, Alhamis, unguwa ta tashi da sungumi a kafaɗa. Inna ta durƙusa a tsakiyar gona ta tura hannu cikin ƙasa, danshin bai wuce wuyan hannunta ba, ƙasan nan kuwa busasshen rairayi ne. Ta girgiza kai ta ce, "Ruwan farko baƙo ne, ba a san kwanansa ba." Amma kowa na shuka, kuma wanda ya yi jinkiri a shekarar da damina ta zauna shi ma ya yi asara. Ɗan Malam Ɗanladi, maƙwabcinmu na gona, ya sare mana ramuka, ni da Inna muka bi muna jefa iri muna rufewa da diddige, Sabi'u na biye da mu yana korar kurciya. Ba mu rage ko tafin hannu na iri ba, domin da ƙyar ma ya ishi gonar.

Gero ya fito gwanin sha'awa, layi-layi, kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari ya haɗu, a kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa. Rana ta dawo da zafin da ya fi na da, ƙasa ta yi ɓawo ta tsattsage, ganyen gero ya nannaɗe kamar tsinke, ya yi ruwan toka, ya kwanta. Manya suka fita roƙon ruwa, mu yara muka zaga unguwa da tsummokara muna waƙa ana ba mu sadaka. Duk da haka shiru.

Ni na fara lura da wata kusurwa a gonar. Gonarmu ta gangara ta yamma, inda ta yi iyaka da filin wani mutumin kudu mai buga bulo, Oga Sunday, wanda ya daɗe a Kano har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Yana da rijiya, kuma ruwan da yaransa ke zuba wa bulo yakan silalo ta ƙarƙashin shinge. Na je tsintar gawo sai na ga geron wurin, abin da bai fi faɗin tsakar gidanmu ba, yana tsaye da ransa, alhali sauran gonar ta zama kamar an babbaka. Na sheƙa gida na jawo Inna. Ta daɗe tana duban wurin, ta tona gindin wata shuka da yatsa, sannan ta ɗago ta ce da ni, "Saude, a kowane rami a nan akwai gero ya fi goma. In waɗannan suka rayu har ruwa ya dawo, mu cire mu yi dashe, za su rufe gonar nan kaf."

Muka tsallaka shinge muka sami Oga Sunday. Ya cire hularsa ya gaishe da Inna, ya saurare ta har ta gama, sannan ya leƙa rijiyar ya ce, "Mama, ita ma ta yi ƙasa fa. Amma ku riƙa zuwa da sassafe kafin yarana su fara aiki. Abin da ta tara, naku ne na farko."

Haka muka shiga wani aiki da ban taɓa yin irinsa ba. Da an sallame asuba mu kama hanya daga Gyaɗi-Gyaɗi, Inna da tulu, ni da bokiti, Sabi'u da gwangwanin madara. Ni ke jan guga. Igiyar ta cinye mini tafin hannu har ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Ba ma watsa ruwan, gindi-gindi muke bi muna tsiyayawa, sannan Inna ta sa mu rufe ƙasar da tsohon kara da kashin tunkiyata don kada rana ta shanye danshin kafin azahar. Daga nan in wanke ƙafa in ruga makaranta, sau da yawa in tarar an rufe ƙofa, in sha bulala a hannun da ke ciwo. Lokacin tara ƙawayena na carafke da 'yar gala-gala, ni ina gindin darbejiya ina gyangyaɗi. Suka sa mini suna Sarkin Noma, suna faɗa suna dariya. Malam Ɗanladi ma ya tsaya a kan iyaka wata safiya, ya riƙe haɓa ya ce, "Inna, tun da nake ban taɓa ganin an yi wa gero ban-ruwa ba. Albasa ce?" Inna ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, da babu gara ba daɗi."

Ana cikin haka tunkiyata ta kusa tafiya. Na zo da ita gona don ta ɗan tsinci abin da ta samu, na ɗaure ta a turke, ta fizge igiya ta faɗa gonar wani inda 'yar dawa ta tsiro rana ta ƙona ta. Kafin in kamo ta ta ɗan ci. Ba a jima ba cikinta ya kumbura kamar ganga, ta durƙushe tana nishi, kumfa na fita a bakinta. Na fasa ihu. Inna ta aika Sabi'u gidan Oga Sunday, matarsa ta zo da gudu da kwalbar man gyaɗa, aka jiƙa kanwa, Inna ta matse kan tunkiyar a tsakanin gwiwoyinta ta ɗura mata. Ta ce in tashe ta tsaye ko ta halin ƙaƙa, in yi ta zagayawa da ita. Ina ja ina kuka, Sabi'u na turawa ta baya, har can ta saki wata doguwar gyatsa, cikin ya fara saɓewa. A ranar Inna ta koya mini cewa ƙaramar dawar da fari ya kama guba ce ga dabba, kuma ko sabuwar ciyawar farkon damina ba a sakar wa dabba mai yunwa ita gaba ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, in ba haka ba zawo ya kayar da ita.

Rijiyar ta ci gaba da ja da baya. Wata safiya na jefa guga ya fito da rabin taɓo. Muka tsaya cirko-cirko, ni dai na ɗauka shi ke nan. Oga Sunday ya zo ya duba gugan, ya duba kusurwar geronmu da ya kai mini ƙauri, sai ya juya ya sallami yaransa ya ce a dakatar da aiki sai an ga hali. Inna ta ce kada ya cuci kansa saboda mu. Ya yi dariya ya ce, "Bulo zai jira, Mama. Gero ba ya jira."

Ruwan gaske ya zo ne ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ba iska, ba hayaniya, ya sauko a tsanake ya yi ta yi har wayewar gari. Da muka je gona Inna ta tona rami da fartanya ta zura hannu, danshi har gwiwar hannu bai ƙare ba. A karon farko cikin makonnin nan na ga haƙoranta. Sama na lumshe, ana yayyafi, irin ranar da dashe ke so. Umma da ba ta zuwa gona ta yafa mayafi ta biyo mu, matar Oga Sunday ta zo da 'ya'yanta biyu, har yaran bulo suka tuɓe riguna. Inna na cira tana rage biyu ko uku a kowane rami, ni ina datse kan ganyen kamar yadda ta nuna mini, sauran na bin layi suna dasawa suna dannawa da ƙafa. Kafin la'asar gonar da ta zama fili ta sake tsayuwa, kuma ga ragowar dashe tuli a gefe. Sai ga Malam Ɗanladi da kwando a hannu, yana gyaran murya, yana ta gaisuwar da ba ta ƙarewa. Inna ta bar shi ya gama sannan ta ce, "Saude, cika wa Malam kwandonsa da albasa." Shi kansa sai da ya yi dariya har da riƙe ciki.

Kwana biyu dashen ya yi laushi kamar ba zai tashi ba, daga nan ya kama ƙasa ya miƙe. Waɗanda suka sami iri suka sake shuka, mu mun riga mun yi musu nisa, kuma da damina ta ɗauke da wuri a shekarar, geronmu ya riga ya cika ido. Tunkiyata ta murmure da ciyawar da nake yanko mata ina barin ta ta sha iska, ta haifi tagwaye, mace da namiji. Baba ya dawo gero ya fi shi tsawo. A hanya an gaya masa gonakin Tarauni sun ƙone, don haka da ya tsaya a bakin gonar sai ya yi ta bin ta da kallo. Inna ta kama hannuna ta buɗe masa tafin ya ga kantar igiya. Ya cire hularsa ya kifa mini a ka, ya shiga cikin gero ya karyo tumu da kansa, ya hura wuta ya gasa mini tun kafin ya ba kowa.

Ranar da aka kwaso amfani, damin farko gidan Oga Sunday aka sauke shi, ya yi ta rantsuwa ba zai karɓa ba, matarsa ta ce shi ya sani, ita dai a koya mata dama fura. Sauran aka loda a kura, aka ɗora ni a can ƙololuwa, aka turo mu ta cikin Tarauni har Gyaɗi-Gyaɗi. Ƙawayena na makaranta suka biyo kurar da gudu suna kiran Sarkin Noma, Sarkin Noma, ni kuwa ina sama ina ɗaga musu hannu. Na ci jarrabawa da yawa bayan haka, na karɓi takardun shaida a gaban jama'a, amma ban sake jin kaina a sama kamar ranar ba.

Yanzu a Daurawa nake aure, kuma kusan kullum sai na ratsa wajen a adaidaita sahu a hanyata ta zuwa aiki. Inna ta daɗe da rasuwa. Oga Sunday ya tsufa ya koma garinsu, bulon da ya buga shi ne ya zama gidajen da suka cinye gonakin, tamu ma a ciki. Inda muka yi dashe yanzu jerin shaguna ne da wurin wankin mota, ba gawo, ba kududdufi. 'Ya'yana sun san gero a kwanon awo, sun san rago a lokacin layya, idan ruwan farko ya sauka murnarsu ita ce zafi zai ragu a yi barci. Ba na ganin laifinsu. Ni ce dai idan mai adaidaita ya tsaya a wurin yana jiran fasinja, nakan sami kaina ina kallon yadda ruwan sama ke gudu a kan kwalta yana neman kwata. Ƙasar tana nan a ƙarƙashin siminti, ban sani ba ko tana jin saukarsa.