Bindigar Alhaji da man kaɗanya

Shekarun baya, ina ƙasar waje, ina haya a Pleasant Garden ina aikin sito wajen Wendover, wani abokina Alhaji ya kawo mini amana. Zai tafi gida jinyar mahaifiyarsa, wata shida. Bindigar farautarsa ce, irin wadda ake ɗaga sakata a ja baya a tura harsashi. Da ita yake samo mana naman barewa kowace kaka.

Ya fara yi mini bayanin ajiya. Na katse shi.

"Alhaji, ubana maharbi ne fa. A ƙarƙashin bindiga aka haife ni."

Ya kwashe harsasansa ya tafi.

Na yi yadda na ga Baba yana yi. Na shafe ta da man kaɗanya, na naɗe a tsohuwar rigata, na rataye a ɗakin katakon da ke bayan gidan da nake haya. Gaskiya ba don Alhaji nake shiga ɗakin nan ba. In na dawo aiki, bayana kamar an daka, sai in zauna kan bokiti in rufe ido. Ƙamshin man ya tashi, sai ga zaurenmu, ga Baba yana gyangyaɗi, zabi suna kuka bayan danga. Nakan jima a can. Ban taɓa kwance rigar ba.

Abin da ban lissafa ba, laimar garin nan. Iska ce kawai amma jiƙa mutum take yi.

Da ganye ya fara ja, Alhaji ya dawo. An yi rashin Hajiya, mahaifiyar tasa. Bayan gaisuwa na ɗauko masa kayansa da gadara. Muka kwance. Tsatsa ta hau ƙarfen kamar an sa masa lalle, sakatar ta kafe. Na rasa inda zan sa idona.

Ya juya ta, ya kai hanci. Ya daɗe a haka.

"Ƙamshin ɗakin Hajiya," ya ce a hankali. Can ya share ido. "Ɗan maharbi, ka kashe mini bindiga. Kawo tsumma."

Asabar uku muka yi muna gogewa. A nan na ji bayanin da na ƙi ji: a duba ba harsashi ciki, a zare sakata a kulle daban, harsasai daban, man bindiga kaɗan, sai akwatin ƙarfe mai makulli a cikin gida inda ba laima. Ta tashi, amma tabon yana nan.

Yanzu na gane kewar Baba na naɗe a rigar nan, amanar mutum kuwa na bar wa ruwa. Bara da zai sake tafiya, ni ya kawo wa. Da ya fara bayani na ja bakina na yi shiru har ya gama.

Man kaɗanya kuma, sai a faso.