Wayar da ban ja ba

Aikin wayarin mota ba wani sirri gare shi ba. Ka fere bakin waya, ka zura shi cikin ɗan ƙarfen da muke ce wa tamina, ka sa filaya ka matse. Sannan ka ja. Maigidan da ya koya mini aiki a Makarfi ba ya duba aikinka da ido, fizga yake yi. In ta zare, ka yanke ka sake. Haka ni ma na yi ta yi a rumfata, kusa da tasha a Ikara, har na yi furfura.

Bara hawan jini ya kayar da ni. Na tashi, baki bai karkace ba, ƙafa tana tafiya, amma hannun dama ba ƙarfi. Ban gaya wa kowa ba. Wa zai kawo mota wurin mai wayarin da ba ya iya matse filaya?

Wata ranar kasuwa wani direba, abokina tun muna samari, ya turo bas ɗinsa shaƙe da kwandunan tumatir na mutane. Wayar famfon mai ce ta tsinke.

"Tsoho, yi sauri, kayan nan ba sa jira," in ji shi.

Na ce, "Ni da kai wa ya riga wani zubar da haƙori?"

Na sa sabon tamina, na haɗa hannu biyu na matse har gumi ya karyo mini. Na kai yatsa zan ja, sai na fasa. Na san abin da zai faru, ga shi kuma tsaye a kaina. Na naɗe da salatif. Ya murɗa makulli, mota ta tashi.

Kafin ya kai Gubuchi ramukan hanya suka zare wayar. Motar ta mutu da rana tsaka, ba inuwa. Kafin a samo mai gyara, tumatir ya fara zubar da ruwa.

Washegari ya zo. Na shirya shan zagi. Sai ya zauna a bencina, ya miƙo hannu.

"Matse," ya ce.

Na matse iya ƙarfina. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Allah ya ba ka lafiya, mutumina."

Na san bai faɗa wa kowa ba. Amma yanzu wurin wani mai wayarin a Kudan yake kai motarsa, direbobi kuwa suna da ido, ɗaya bayan ɗaya suka bi shi. In zai wuce yakan danna mini hon. Abin da ya rage mini canjin fiyus ne da ƙwan fitila, shi ma ba kullum ba.