Zalɓe Mai Launin Toka

Ranar wata Laraba ce, a daminar shekarar da na shiga aji shida, tsakiyar shekarun casa'in. Ruwa ya ɗauke bayan azahar, kwatoci na ta gudu a layin bayan tasha a Tudun Wada, mu kuwa mun cika shagon Mudi Mai Gem, mai wasan talabijin, maƙil, riguna a jiƙe, ba ka jin komai sai warin hayaƙin janareto da na ƙafafun yara. Ni da abokina Iro ne a kan benci, kowa riƙe da hannun gem, fuskokin 'yan faɗa sun jeru a talabijin ana jiran mu zaɓa. A nan na yi abin da babu yaron da ya taɓa yi da gangan a shagon nan. Na yi wuf na kai kan ɗan faɗan da muke kira Zalɓe na danna, alhali duk unguwa an san Zalɓe na Iro ne. Mudi kuwa ba ya cikin shagon a lokacin, balle ya hana. Iro ya juyo ya dube ni, sannan shi ma don taurin kai ya kai kan Zalɓen ya danna. Sai ga Zalɓe biyu sun tsaya suna fuskantar juna. Nawa da jan wandonsa kamar kullum, na Iro kuwa ya fito toka-toka tun daga gashi har tafin ƙafa, kamar wanda aka tono. Wani yaro a bayanmu ya ce a hankali, "Kurwarsa ce."

Shi Mudi saurayi ne da ya yi 'yan shekaru yana gyaran rediyo a Kano, ya dawo gida da talabijin mai kala da gem da kaset ɗin faɗa ƙwaya ɗaya tak. Sunayen 'yan faɗan da Turanci aka rubuta su, mu kuwa ba mu wahalar da kanmu ba, muka raɗa musu namu. Akwai Buhu, wani ƙato da ba ya iya tsalle. Akwai Hajiya mai shuri kamar jaka. Akwai kuma Zalɓe, dogo siriri, wanda kan tsaya da ƙafa ɗaya kamar tsuntsun nan na bakin dam. Tun makon farko muka kafa wa kanmu doka, kowa ya zaɓi mutuminsa ya riƙe, kamar yadda ake nuna wa yaro ɗan akuya a gida a ce nasa ne. Da shi za ka ci, da shi za a ci ka, har a kan hanyar makaranta da sunansa za a kira ka. Mudi kuma kullum yana faɗa mana, "Kada mutum biyu su hau mutum ɗaya." Daga baya na gane gudun rigima yake yi, kada mu yi ta musun wane ne ya ci. Amma mu a lokacin wata fassara muka yi wa maganar, don an taɓa kuskuren danna mutum ɗaya sau biyu, mai launin tokar nan ya leƙo, Mudi ya yi sauri ya kashe gem ɗin.

Kuɗin wasa ba kullum ake samu ba, saboda haka yawancin faɗanmu ba a shago muka yi shi ba. Iro ne ya kawo dabarar. Jikan Fulanin da suka zauna suka kama noma ne, yana hannun kakarsa Goggo Hari, layinmu ɗaya. Ya samo guntayen katako biyu, ya kafa musu murafen kwalba da ƙusa daidai yadda madannan hannun gem suke, na tafiya a hagu, na duka a dama. A kogon wata ɗorawa da ke bakin fadama muke ɓoye su. Da an tashi daga makaranta, mun ɗebo ruwa mun cika randuna, sai mu kora awaki can, mu ɗaure su a inda ba za su kai ga masarar mutane ba, mu zauna muna fuskantar juna. Kowa na dannawa yana faɗin abin da ya danna, ƙasa, gaba, naushi, baya, tare, har a yi turmi biyu ko uku kamar a dambe. Sauran yara suna can suna langa da ƙwallon tsumma, suna cewa mun zautu. Iro ya yi ta murza murafensa har fentinsu ya goge suka koma ƙyalli. A aji ma yatsunsa ba sa zama, suna ta rawa a kan tebur, ya sha bulala a kansu ba sau ɗaya ba.

Faɗan Iro faɗan haƙuri ne. Zai ja da baya, ya tsuguna a lungu, ya bar ka ka yi ta haukanka, da ka yi tsalle sai ka ji doguwar ƙafar nan a haƙarƙari. Ni kuwa Buhu na zaɓa, don a wautata girman jiki ne ke cin faɗa, ga ni kuma a lokacin iska mai ƙarfi tana iya tafiya da ni. Kullum Iro sai ya tumurmusa ni, yara su yi ta ihu, "Buhu ya fashe!" Ina dariya tare da su, amma abin yana cina a rai. Hassada ce, ba ni da wani suna da zan ba ta. Na riƙa satar kallon yatsunsa, in koma bayan rumbu ni kaɗai in maimaita a kan cinyata, har na haddace duk abin da yake yi da Zalɓe. Ranar Larabar nan na ga na ƙoshi, na ce yau sai ya ɗanɗana.

Turmi biyu a jere na ci shi, kuma ba don na fi shi ba ne. Hannunsa ne ya mutu. Ya ƙura wa mai launin tokar ido, ya kasa ko tarewa. Da na kai masa shurin ƙarshe, Zalɓen toka ya tafi ƙasa a hankali, ƙararsa tana maimaita kanta tana nisa, kafin ya gama faɗuwa janareto ya yi tari ya mutu. Gilashin talabijin ya yi baƙi, ba abin da ke ciki sai fuskata da ta Iro. Ba wanda ya yi min tafi. Iro ya ajiye hannun gem a kan benci ya fita cikin taɓo, ya bar silifas ɗinsa a bakin ƙofa.

Ranar Juma'a bai zo makaranta ba, aka ce zazzaɓi. Kafin Lahadi ya daina gane mutane. Masu zuwa dubiya suka fito da labarin cewa idonsa a rufe yake, yatsunsa na ta motsi a kan tabarma, kuma suna ɗaya yake kira. "Tasi'u, sake ni. Tasi'u, ba ni jan." Tasi'u ni ne. A wajenmu in mara lafiya ya fita hayyacinsa yana kiran sunan wani yana cewa a sake shi, ba a bukatar ƙarin bayani, maye ne ya kama kurwarsa. Labarin shagon Mudi kuma ya riga ya isa kunnen manya. Ba su san gem ba, amma sun san kurwa, sai maganar ta zama an ga kurwar Iro a cikin akwati, ɗan gidan masu kifi ya kayar da ita. Mu kuwa ɗora mana irin wannan ba wuya. Muna cikin waɗanda ruwan dam ɗin Tiga ya tasa, ƙauyenmu yana ƙarƙashin ruwa tun kafin a haife ni, babu wanda ya san kakanninmu a garin, babu ko kabarinsu da za mu nuna. In na je rijiya sai mata su rage murya, wata ta ja ɗanta ta maida shi bayanta.

Babana yana bakin dam wajen kamun kifi, sai mako-mako yake zuwa. Innata ce ke gida, tana soya kifi ana saye a ƙofar gida. Na ce mata zan je in duba Iro. Ta ajiye matsami, ta kama ni a kafaɗa, ta ce, "Ba inda za ka. In ka je ya tashi, za a ce ka sake shi. In ka je ya cika, za a ce ka cinye shi. Yi masa addu'a daga nan, Allah yana ji." Gaskiyarta ce, har a lokacin na san gaskiyarta ce. Abin da ban iya faɗa mata ba shi ne ni kaina na yarda ina riƙe da shi. Nakan ji wani abu yana fuffuka a ƙirjina kamar ɗan tsako a cikin kwando. Na daina cin abinci, don in na kai loma baki sai in ji tsoron ko Iro nake haɗiya. Na kuma ƙudurta a raina cewa hanya ɗaya ce, a sake faɗan, shi ya ɗauki ja, ni in ɗauki toka, ya kayar da ni.

Ranar Talata da hantsi Inna ta aike ni rijiya. Na bar bokitin a can, na ruga fadama na ciro katakan nan biyu daga kogon ɗorawa, na nufi gidan su Iro. Na yi sallama, na durƙusa na ce, "Goggo, ina kwana? Ya mai jiki?" Mata uku ne a tsakar gida ban da ita, babu wadda ta amsa. Goggo Hari ta daɗe tana kallona, idonta ya yi ja saboda kuka da rashin barci, sannan ta ce, "Ka zo ka tsallake shi?" Haka ake sa maye ya yi in ana so ya saki kurwa. Na ce, "A'a Goggo, wasa za mu ƙarasa." Ban san me ta fahimta ba, amma ta matsa daga bakin ƙofa.

Ɗakin da duhu ko da rana, ga hayaƙin ganyen da aka turara masa. Iro ya zube, leɓunansa sun bushe sun yi toka-toka, launin nan da na sani. Yatsunsa na ta tafiya a kan tabarma. Na tura katakonsa a ƙarƙashinsu, sai suka laluba suka zauna a kan murafen, kowane a gurbinsa. Na sunkuya na ce masa a kunne, "Kai ne ja, ni ne toka." Sannan na ɗauki nawa na fara dannawa, ban faɗi ko kalma ɗaya ba. Na danna tsalle da shuri, sai na ga babban yatsansa ya koma baya ya tare. Na danna dukan ƙasa, ya tsuguna ya tare. Sau uku ina canzawa yana tarewa, idonsa a rufe ruf. Na ji kamar akwai talabijin a ɗakin wanda shi kaɗai yake gani. Sai na ɗaga yatsuna na tsaya. Ya danna ƙasa, gaba, shuri, ya ce da murya garau irin ta mai lafiya, "Ka faɗi." Muka sake turmi na biyu, na sake tsayawa, ya sake kayar da ni. Hannunsa ya saki katakon. Gumi ya karyo masa a goshi har yana gangara cikin kunne, can ya buɗe ido ya ce a ba shi ruwa. Da na waiga, Goggo tana tsaye a bakin ƙofa, matan nan uku suna leƙe ta kafaɗarta.

Cikin mako guda Iro ya miƙe, maganar Inna kuma ta tabbata. Ba wanda ya zo mana da sanda ko zagi, shiru kawai aka yi mana. Kifin Inna ya riƙa wuni a faranti har ya bushe. In na zauna a bencin Mudi sai yara su tuna an aike su. Aka tura Iro wajen kawunnansa masu shanu a gefen Falgore, ko sallama ba mu yi ba. Kafin wata daminar Baba ya kwashe mu muka koma bakin dam ta ɓangaren Bebeji. Inna ta bar ɗakin da ta yaɓe da hannunta, da bishiyar lemon da ta dasa, da ƙawayen da ta yi shekaru tana tarawa. Ba ta taɓa yi min faɗa a kan abin ba. Ranar da muke ɗaure kaya ta ga katakona a cikin tsummokaina, ta juya shi ta duba murafen, ta sa shi a cikin kwallarta ta rufe.

Yanzu na san malamin asibiti ya yi wa Iro allura kwana ɗaya kafin in je, na san zazzaɓin sauro ne, na san launin toka dabara ce kawai don a bambanta 'yan wasa biyu. Wataƙila ma ƙarar murafena ya ji ya gane, tunda mun yi wata da watanni muna yi. Na haɗu da shi sau ɗaya a kasuwar Doguwa, ya zama magidanci da furfura a gemu, muka rungume juna. Na tambaye shi ranar nan, ya ce bai tuna na zo ba. Abin da ya tuna kawai yana wani fili da babu launi ko ɗaya, yana ta neman hanya.

Ɗana yana buga irin wannan faɗan a waya, da mutanen da bai taɓa gani ba, yana canza mutum kamar riga, biyu su ɗauki ɗaya ba wanda ya damu. Ba su da mutumi, ba su da katako, ba su da abin tsoro, wani lokaci har nakan ji sun ba ni tausayi. In ya miƙo min mu buga, nakan jira ya zaɓa tukuna, sannan in ɗauki wani daban. Inna ta rasu ba ta sake taka Tudun Wada ba, katakon kuma a cikin kwallarta muka same shi. Har yau ban san ko ni na tashi Iro ba, amma na san wadda aka kayar a wasan nan.