Kafson Yaya Aƙilu

Yayana Aƙilu tela ne a Ƙofar Kibo. Da keken ɗinkin nan na takawa da ƙafa ya riƙe mu tun rasuwar Baba, da shi ya aurar da ni. Mutum ne mai kara, irin karar da ke ba ni haushi. Ko loma ce a hannunsa, in ka kalle ta sau biyu ta zama taka.

Bara ƙusa ta soke shi a tafin ƙafar dama, ga ciwon suga, wurin ya zama gyambo. Likita ya rubuta masa kafso, ya ja masa kunne: a shanye duka, ko da an ji sauƙi, in ba haka ba ƙafar ce za ta tafi. Amma ina! A bakin shago maganin yake ƙarewa. Dogara mai wanki ya zo da kumburin haƙori, Yaya ya ɓallo masa biyu. Mika'ilu maƙwabcinsa na fama da maruru, ungo uku. In na yi magana ya ce, "Haba Rakiya, ina ji ina gani maƙwabci na nishi?"

Ana cikin haka wata ɗaliba daga jami'a, Zakiyya, ta zo da takardar tambayoyi kan abin da ke hana mutane shan magani yadda aka rubuta. Ta ce gwada tambayoyin suke yi: za ta dawo ta maimaita, in amsa ta zo ɗaya, to tambayoyin sun inganta. Yarinya mai ladabi, har ƙasa ta gaishe shi.

"Baba, kana mantawa?"

"Ko kaɗan."

"Ka taɓa ba wani maganinka?"

Ya yi murmushi. "Ni kuwa? Allah ya kiyaye."

Ina zaure ina ji, kamar in fashe. Da ta tafi na ce, "Yaya, ƙarya da girmanka?" Ya ce baƙuwa ta sha rana ta zo, ba ya so ta tafi da ɓacin rai.

Kafin ta dawo, ƙafar ta yi baƙi, tana wari. An sauya magani har an koma allura, likita ya ce ƙwayoyin cutar sun daina jin magani. Zakiyya ta same shi kwance a ɗaki, ya ja zane ya rufe ƙafar. Na buɗe baki zan tona, ya harare ni.

"Kar ki ɓata wa yarinya aiki," in ji shi a hankali. "In na sauya magana, wahalarta ta tashi a banza."

Ya maimaita mata amsoshinsa tiryan-tiryan. Ta yi godiya, ta yi masa addu'ar samun sauƙi, ta fita da fara'arta. Ban ga laifinta ba, abin da aka faɗa mata ta rubuta. Na shiga madafa na yi kuka har na gaji.

Ran Laraba za a yanke ƙafar daga gwiwa. Na ce masa za mu nemi wanda zai sa wa keken ɗinkin injin lantarki, ya ci gaba da ɗinki in an kawo wuta. Ya girgiza kai.

"Ai na riga na ba Mika'ilu keken. Ɗansa na koyon ɗinki, kuma ya tambaya."