Dokin Mutum Biyar

Shekarun baya, lokacin da citta ta yi kuɗi har mu dillalanta muka fara jin kanmu, mu biyar muka haɗa hannu muka sayi dokin sukuwa. Har da ni, da ko jaki ban taɓa hawa ba.

Asalin haɗuwarmu watanda ce. Duk Disamba mukan tara kuɗi mu sayi saniya, a yanka ta a bayan gidan dattijon cikinmu, wani tsohon hedimasta, a kasa naman kashi biyar a kan ganyen ayaba, kowa ya kwashi nasa na Kirsimeti. Mun daɗe muna haka, ba wanda ya taɓa cewa an rage masa ko yankan hanta. Abokina, mai motocin da ke ɗaukar mini kaya daga Kafanchan zuwa Legas, shi ya kawo maganar doki. Ya je kallon sukuwa a Kaduna, ya dawo bakinsa ba ya rufuwa. Ya ce doki in ya ci tsere ɗaya ko biyu kuɗinsa ya ninka, masu hali daga Kano da Zariya su ne za su riƙa binka.

Ni abin da kunnena ya ɗauka ke nan: a saya da araha, a sayar da tsada. Nan take na ce a sa sunana.

Ranar rubuta sharuɗɗa, hedimasta ke riƙe da biro, ni ke ba da doka. Na ce ba a sayar da dokin sai mu biyar mun yarda. Na ce kuma in ya karye, ko ya kama hanyar mutuwa, kada a bari ya tafi a banza, a yanka a kasa biyar yadda muke yi wa saniya. Kowa ya yi dariya. Hedimasta ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, har wannan ma in rubuta?"

"Baba, rubuta. Dabba ce, kuma kuɗi muka sa."

Haka nake. Ko buhun citta ruwa ya taɓa ba na zubarwa, shanyawa nake in kai wa masu niƙa. A lokacin kuwa ko hoton dokin ban gani ba.

Baƙi ne wuluk, irin wanda masu dawaki ke kira akawal. Ba mu ajiye shi a Kafanchan ba, don an gargaɗe mu cewa ƙudan tsando na bakin rafukanmu ba ya barin doki. Muka kai shi bargar wani Bahaushe a Kujama, mutum mai ƙarancin magana, wanda ya tsufa a cikin dawaki. Shekarar farko ba abin da dokin nan ya yi mana sai ci. Dawa, harawa, kanwa, allura, gyaran kofato. Kirsimeti ya zo ba saniya. Matata ta ce maƙwabta suna soya nama, mu muna soya labarin doki. Tserensa na farko, doki ɗaya kawai ya bari a baya, shi ma wannan ɗin mahayinsa ne ya faɗi. A kasuwa aka sa ni gaba da tsiya, wai doki ƙafa huɗu gare shi, mu kuma biyar, to wa ke da wutsiya? Duk kasuwa ta yanke cewa ni ne.

A shekara ta biyu ya ci. Ina wurin. Ban san lokacin da na hau kan benci ina ihu ba, hulata ma ban sake ganinta ba. Daga nan wani abu ya same ni da ban gaya wa kowa ba. Duk tafiyar da zan yi Kaduna sai na ratse Kujama da rake ko karas a but ɗin mota. Dokin ya gane ƙarar motata, tun kafin in kashe inji zai fara haniniya. In na tsaya kusa da shi sai ya ɗora haɓarsa a kafaɗata, da nauyinta duka, ya lumshe ido. Nakan yi rabin awa a haka, mai bargar yana gefe yana yi kamar bai gani ba.

Sai wani Alhaji ya taya shi da kuɗin da ya kusa ninka namu sau uku. Mutum huɗu suka ce a sallama. Ni na ce a'a. Abokina ya ce bai gane ni ba, ni da ko takalmin ƙafata aka taya da kyau sai in cire in miƙa. Na kawo musu hujjojin kasuwa, na ce akwai babban tsere a ƙarshen shekara, a bari farashi ya ƙara hawa. Suka yarda, don a harkar saye da sayarwa ba sa musu da ni. Ƙarya nake yi. Ba na son rabuwa da shi ne kawai, kuma kunya ta hana ni faɗa.

Cikin Disamban nan na bi kaya zuwa Legas, aka zare mini waya a tasha. Kwana huɗu ba wanda ya same ni. Na dawo gida da rana, a gajiye, da yunwa. Matata ta tarye ni da fara'a, ta ce an kawo kasona. Shekaranjiya abokina ya zo da kula cike da nama, ya ce ta ajiye sai na dawo, bai zauna ba, ko ruwa bai sha ba. Wutar lantarki kuwa babu, firij ba ya aiki, don haka ta soya rabi, ta yi miya da sauran kada ya lalace. Raina ya yi fari. Na ce lallai mutanen nan sun tuna da watanda sun sayi saniya a bayana.

Ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa. Naman ya yi duhu, ba kitse ko kaɗan. Na ci, na ƙara, har na ce wannan saniya ta sha tafiya a rayuwarta, amma akwai daɗi.

Ban wanke hannu ba aka yi sallama. Abokina ne da hedimasta. Suka zauna, hedimasta ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da na san ba ya yi sai a gidan makoki. Abokina ya kalli kwanon gabana, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai.

Hedimasta ne ya yi bayani, a hankali, kamar mai karanta sanarwa a coci. Da safe aka fita da dokin motsa jiki, ƙafarsa ta gaba ta faɗa rami yana cikin gudu. Ƙashi ya fito waje. Likitan dabbobi ya duba ya ce ba gyara. Sun kira ni har sun gaji. Mai bargar ya ce a yanka shi don ya huta, a binne shi a bayan barga, shi da kansa zai haƙa ramin, yana faɗa yana share ido. Su huɗun ma sun so haka. Sai aka tuna da takarda.

"Ɗana, ni ma ban so ba," in ji shi. "Amma ba ka nan, takardar ce ta tsaya a madadinka. Kai ka hana a sayar don kuɗin bai kai maka ba. Muka ce in muka binne shi kuma, za ka dawo ka ce mun zuba kuɗinka a rami."

Hannuna yana sama, miya tana bushewa a yatsuna, na kasa kai shi ruwa, na kasa sauke shi. Matata da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce, "Yesu," a hankali, ta ɗauke kwanon. Abin da ke yawo a kaina shi ne nauyin haɓar nan a kafaɗata, da kuma cewa na nemi ƙari.

Da yamma na haƙa rami ƙarƙashin mangwaron bayan gida na binne abin da ya rage, har da tukunyar.

Ban riƙe kowa a zuciya ba. Abin da na ce a rubuta suka yi, ba su ƙara ba, ba su rage ba, kasona ma daidai yake da na kowa. Abin da ya fi girgiza ni, bayan naman, shi ne mutanen da suka san ni shekara da shekaru sun tsaya a kan dokin nan, suna so su binne shi, tsorona ya hana su. Wanda na nuna musu ke nan, shi suka sani. Da sau ɗaya na buɗe baki ranar da Alhajin nan ya taya na ce, "Ina son dokin nan ne," da yanzu yana kwance a bayan barga a Kujama. Mai bargar kaɗai ya sani, shi kuma ba a tambaye shi ba.

Mun koma watandar saniya, har yau muna yi. Ciniki ma ban daina ba, kuma har yanzu ba na zubar da jiƙaƙƙiyar citta. Sai dai ba na ƙara yanke hukunci a kan abu mai rai kafin in gan shi. Matata kuwa, duk Disamba in ta ajiye mini kwano, sai ta tsaya ta ce, "Saniya ce, na ga kanta da idona." Yara su yi dariya, ni ma in yi. Amma sai ta faɗa nake sa hannu.