Abu na Uku a Takardar Kafinta

Daga bayan teburinta, mai rajistar asibitin tana kallon wani mutum a kan bencin jira. Kafinta ne, ko ba a faɗa ba: ga garin katako a gashin hannunsa, ga guntun fensir irin nasu. 'Yarsa tana gefe, ba za ta wuce shekara sha biyar ba, ta sunkuyar da kai kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

Mai rajista ta san takardar da ke hannunsa. Likitar da ke zama da matasa masu damuwa takan ba iyaye ita, su rubuta abu uku da ɗansu ya iya. Da laifuffuka aka ce, tana jin da tuni ya gama, don idonsa ya saba da neman inda katako ya karkace. Ya rubuta biyu, na uku ya gagara. Yana ta juya fensir, benci yana ta girgiɗi da su.

Yarinyar ta durƙusa. Ta ninke guntun kwali, ta cusa ƙarƙashin ƙafar bencin da ta fi gajarta.

Uban ya danna bencin da tafin hannu, ko motsi bai yi ba.

"Ya aka yi kika gane ƙafar?"

"Kai nake gani kana yi, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya lashi bakin fensir ya duƙufa rubutu, har wuri ya ƙare, ya juya bayan takardar.